Neman Bashi Ma Sai da Jari

A ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin asusun ba ɗalibai rance, wato NELFUND, aka ce ɗaliban makarantun gwamnatin tarayya ne za su fara cikewa. Mu 'yan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mun faɗo sahun farko ke nan. Sharuɗɗan ba su da yawa: a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye cikin asusun jami'a, shi kuma a riƙa tura masa naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa. Biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

A ɗakinmu ba wanda ya saurari maganar biya. Dubu ashirin ɗin kawai kunnuwanmu suka ɗauka.

Mu huɗu ne a ɗakin, ɗakin haya a ɗaya daga ƙauyukan da suka kewaye mazaunin jami'ar na dindindin, can wajen Dundaye. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na mudu suka bi bayanta, muka ga in kowa ya ce zai ɗora tukunyarsa to ba wadda za ta tafasa. Sai muka haɗa risho ɗaya da tukunya ɗaya, muka kafa gwamnati.

Ministan Kuɗi wani Bagobiri ne daga wajen Sabon Birni, yana karatun akanta, kuma Allah ya yi shi da hannun da ba ya buɗuwa sai da dalili. Ministan Tukunya Bayarabe ne daga Ilori, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana kai shi inda yake so. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, to su biyun nan tun safe har dare kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma a haka suke raba katifa ɗaya. Na uku shi ne Liman, Bazamfare mai karatun addinin Musulunci, shi ke tashinmu asuba, shi ke yanke hukunci in an yi rigima kan ƙanzo. Ni aka ba Ministan Harkokin Waje, saboda ni ke da gwaggo a cikin gari, a Mabera. Aikina zumunci ne, musamman zumuncin da ke faɗowa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ake sauke tukunya. Gwaggo ta san komai. Da ta ga na yi sallama sai ta ce wa 'yarta, "Zuba mishi, ki ƙulla wani ga leda, na san ba shi ɗai na ba."

Kasafin kuɗin gwamnatin tamu lamba uku ne, kamar yadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya sani. Farkon wata ɗaya-sifili-ɗaya, wato a karya, a tsallake rana, a ci da dare. Tsakiyar wata sifili-ɗaya-sifili. Ƙarshen wata kuwa Ministan Kuɗi yakan ce lambobin suna nan, ana dai jiran sa hannu. Garin kwaki yana da doka tasa: ba a jiƙa shi a sha nan take, sai an zuba ruwa an tafi an yi alwala an yi sallah an dawo, lokacin ya kumbura ya ninka kansa. Wanda ya sha kafin ya kumbura ya yi wa gwamnati zagon ƙasa. Albasa ce kaɗai ba mu taɓa rasawa ba, don Sakkwato garinta ne, in kakarta ta yi daga Goronyo da Wurno da Gada take kwararowa. Mun ci garau-garau da albasa, mun ci datu da albasa, mun ci albasa da albasa.

Kafin in taɓa fom sai da na nemi Baba. A gidanmu ba a cin bashin da ya wuce na mudun gero bai sani ba. Tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya, yana 'yan noma-nomansa a wajen Tambuwal. Na yi masa filashin, ya kira, kamar yadda muka saba.

"Baba, ina wuni. Kun ji maganar rancen da gwamnati za ta ba ɗalibai?"

"Na jiya ga rediyo. Shina da ruwa?"

"Babu, Baba. Abin da anka ba ka shi za ka maidawa."

"To wa za ya tsaya maka?"

Tambayar tana kan hanya, don dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce sai ɗalibi ya kawo masu tsaya masa guda biyu, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, kuma sai kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. Mun sha dariya a kan wannan lokacin da ta fito. Wanda ke da lauya da babban ma'aikacin da za su sa hannu saboda shi, ai da wuya a gan shi yana jiran gari ya kumbura. A Afrilun 2024 aka soke waccan aka yi sabuwa, aka cire masu tsayawa, aka cire maganar kuɗin shigar iyaye. Na yi wa Baba wannan bayani.

"In ka mutu hwa?"

Na ce sabuwar dokar ta yi tanadin yafewa in mutum ya rasu. Ya yi shiru har na zaci katinsa ne ya ƙare. Can ya ce, "Bashi hanji na, cikin kowa shike. Amma ka rubuta shi ga takarda, ka aje inda za a gani." Da na faɗa wa Liman sai ya ce Baba ya yi magana ta malamai, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ministan Kuɗi ya ce shi ya sa shi ma yake rubuta namu, kuma yana tuna wa Liman cewa naira ɗari uku na magi da mai suna nan a shafinsa.

Inna ta karɓi wayar kafin a kashe, ta ce kar in gaya wa kowa. Washegari da hantsi ƙanin Baba ya kira ni yana taya ni murnar gwamnati ta sa ni a albashi.

Abubuwan da ake nema su ne lambar JAMB, lambar zama ɗalibi, lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, da takardar shaidar samun gurbi. Na JAMB da na makaranta suna cikin jakata. NIN da BVN kuwa ban haddace su ba, takardunsu kuma suna gida cikin kwallar Inna. Abu mai sauƙi, in ji Ministan Tukunya, danna *346# ka ga NIN, danna *565*0# ka ga BVN. Kowanne naira ashirin yake ci a lokacin. Layina ba ko kwabo, ƙari a kan haka kamfanin yana bi na bashin katin da na ranta da *303# tun watan da ya wuce. Na sa katin ɗari biyu, kafin in ɗaga yatsa sun kwashe abinsu, har da saƙon godiya. Sai da na sa na biyu sannan na ga lambobina. Ban fara cike fom ba, naira ɗari huɗu sun tafi, kuma daga baitulmalin tukunya aka ciro su, bayan zaman majalisa.

Daga nan ana wata sai ga wata. A jikin NIN sunana Muhammad. A JAMB ma Muhammad. A banki kuwa Mohammed ne, don wanda ya cike mini fom ranar da na buɗe asusu, tun ina sakandare, haka hannunsa ya saba rubutawa. Shekara da shekaru ina cire kuɗi da wannan suna ba wanda ya ce uffan. Yanzu da za a sa mini kuɗi, na'ura ta ce ba ta san mu a mutum ɗaya ba. Ban ga laifinta ba, kuɗin jama'a ne, dole a tabbatar wa ake ba. Amma duk wanda ke da Muhammad, ko Abubakar da Bukar, ko Usman da Usmanu a takardunsa, ya duba su tun yanzu. A layin da na bi a banki kusan rabinmu wannan ce ta kawo mu.

Gyaran suna yana nufin shiga gari, shiga gari kuma yana nufin kuɗin mota. Wanda bai san jami'armu ba zai zaci tana cikin Sakkwato. Tana can ƙetaren fadamar Rima, sai ka bi doguwar hanyar nan ka tsallake gada, wadda manyanmu ke ba da labarin ambaliyar 2010 ta yanke ta har makaranta ta rabu da gari. Motar makaranta ta sauke ka a Dandima, daga nan kuma kai da ɗan kabu-kabu. A hanyar akwai jarabawar da ba ta cikin manhaja, wato Kwalkwalawa, inda ake sayar da kifi a bakin titi. Mota takan rage gudu daidai wurin, ƙamshin suya ya shigo ta taga, sai ka ga mota cike da ɗalibai kowa ya duƙufa a kan wayarsa kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Wani ɗan ajinmu yakan ja numfashi sosai ya ce ya ci na yau, Allah ya saka wa mai suya.

A bankin aka ce in zo da takardar rantsuwa daga kotu, da hoton fasfo, da kwafin takardar NIN. Kotu kuɗi, hoto kuɗi, kwafi kuɗi. Na tsaya gaban ma'aikacin rantsuwa na tabbatar masa cewa Muhammad da Mohammed duk ni ne, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan jami'a na?" Na ce e. Ya ce tun safe ku yake gani. Mai hoto kuma ya ce in saki fuska. Na ce masa wannan ita ce a sake.

Kuɗin duk wannan daga wurin mai shagon unguwarmu suka fito. Dattijo ne mai littafi, irin dogon littafin nan mai baƙin bango, kowane ɗaki da shafinsa. Ba ya ba da rancen tsabar kuɗi, kaya yake bayarwa. Na je na durƙusa na yi masa bayani tun daga dokar 2023 har zuwa harafin o da u. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato bashi kaka so in ba ka, ka tai ka nemo bashi, ka zo ka biya ni bashi."

"Haka na, Alhaji."

"Allah shi kyauta. Nawa na?"

Ya ƙirgo ya ba ni, ya rubuta a shafinmu, ƙarƙashin taliya da sabulu.

Cike fom ɗin kansa bai kai wahalar shirinsa ba. Ka buɗe shafin, ka tabbatar kai ɗan Najeriya ne, ka zaɓi makarantarka, ka sa lambar zama ɗalibi da ta JAMB, na'ura ta nemo ka cikin sunayen da makaranta ta tura. In ta gan ka, ka sa imel da kalmar sirri, a turo maka saƙon tabbatarwa. Daga nan ka sa BVN da lambar asusu, ka ɗora takardarka, ka zaɓi ko kuɗin makaranta kaɗai kake so ko har da na ɗawainiya. A nan na ga Ministan Kuɗi, mutumin da ke yi mana wa'azin tattali, ya danna na ɗawainiya tun kafin shafin ya gama buɗewa. A waya ma ana iya yi, sai dai tawa fuskarta a fashe take, daidai inda ake danna amincewa ba ya taɓuwa. Sai da na je kafe, na biya mai kwamfuta, na biya kuɗin sikanin. Da ya danna turawa ya ce, "Shi ke nan, Alhaji, ka zama mai bashi." A rayuwata ba a taɓa kira na Alhaji ba sai ranar.

Sai jira. Dole ne a tantance kowa da makarantarsa, ga ɗalibai daga ko'ina a ƙasa, mun san ba abin kwana ɗaya ba ne. Amma ciki bai san tantancewa ba. Duba shafin ya zama mana wuridi, bayan kowace sallah sai an leƙa, kowace leƙawa kuma data take ci. Ministan Kuɗi ya lissafa ya ga abin da muke kashewa wajen duba ko kuɗi sun zo ya isa sayen mudun wake a mako, sai ya kafa doka: mutum ɗaya zai riƙa dubawa, sau ɗaya a rana, a madadin gwamnati. Kowa ya amince, kowa kuma ya ci gaba da dubawa a ɓoye a banɗaki.

Babbar Sallah ta faɗo cikin jiran, tsakiyar Yuni. Ita ce ta riƙe mu. Kowa ya je gida ya dawo da soyayyen naman layya a gwangwanin madara, aka tattara aka damƙa wa Liman, don shi kaɗai muka yarda ba zai tashi da dare ba. Tsoka ɗaya ake jefawa a tukunya, ba don a ci ba, don shinkafa ta san an yi sallah. In an sauke a yi ƙuri'a. Bagobiri ya ci ƙuri'ar a jere har Bayarabe ya ce a binciki aljihunsa, tun zamanin Bawa Jangwarzo ba a yarda da su ba. Bagobiri ya ce bawa ba ya tuhumar ubangidansa.

Da naman ya ƙare sai muka koma wa azumin Litinin da Alhamis. Ni na kawo shawarar, a matsayin tsarin tattalin arziki. Liman ya ce a'a, mu ji tsoron Allah, ayyuka da niyya suke, wanda ya wayi gari ya leƙa tukunya ya ga wayam sannan ya ce yana azumi, to ya tambayi zuciyarsa wa yake yi wa. Sai ya ƙara da cewa amma azumin nafila ana iya ɗaura masa niyya da rana in ba a ci komai ba, a wajen wasu malaman, mu dai Malikawa sai an kwana da ita. Bayarabe ya ce to shi daga yau kullum da niyya zai riƙa kwana, in abinci ya samu da safe ya ga abin da hali zai yi. Liman ya jefe shi da hula.

Sauran dabarun kowa ya san su. Duk taron ƙungiyar ɗalibai da aka rubuta za a raba abin taɓawa, muna sahun gaba, ko ƙungiyar 'yan wace jiha ce. Na taɓa zama ɗan Kebbi da safe, da yamma na zama ɗan Neja. Walimar saukar karatu, suna, ɗaurin aure a ƙauyen da muke haya, duk muna zuwa taya murna da zuciya ɗaya da leda a aljihu.

Akwai wani wata da Bayarabe bai sa ko sisi a baitulmali ba. Bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba, amma mun ji shi da dare a bayan ɗaki yana waya da Yarabanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, kuma kalmar asibiti ba ta buƙatar tafinta. Ya fara wasu 'yan dabaru: ya dafa abinci ya ce ya ci a makaranta, ko ya fita daidai lokacin da za a zuba. A wajenmu, kuma na ga a wajensu ma haka ne, namiji ya buɗe baki ya ce wa sa'o'insa ba ni da shi, ku ciyar da ni, abu ne mai nauyin gaske. Wani ya gwammace ya kwana da yunwa. In kuma ka ja shi gefe ka ce mun san halin da kake ciki, ka ƙara masa wani nauyin.

Sai Ministan Kuɗi ya miƙe da dare, ya ɗaura tawul a wuya kamar babbar riga, ya buɗe littafinsa ya yi jawabi. Ya ce gwamnati ta lura jihar Kwara ba ta turo kasonta ba a wannan wata, kuma bincike ya nuna dama can bayi ba sa biyan haraji, ubangijinsu ke ciyar da su. Don haka daga yau shi, Bagobiri, jikan sarakuna, ya ɗauki nauyin bawansa, kuma duk ranar da bawan ya sake cewa ya ci a makaranta za a yi masa bulala goma a bainar jama'a. Bayarabe ya zage shi tas, da Hausa da Yarabanci, yana zagi yana jawo kwano. Ya ci har ya side hannu. Ni a ganina wannan ne babban aikin da wasan ke yi mana. Da shi ake roƙo ba a ji kunya ba, da shi ake bayarwa ba a yi gori ba. Mutanen da suka ƙago wasa tsakanin ƙabilu da tsakanin taubasai sun san abin da suke yi.

Kuma Allah da ikonsa, Bayaraben aka fara turo wa kuɗin. Muna cikin laburaren Abdullahi Fodiyo, inda muke zuwa karatu da shan fanka, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya zo ya ajiye wayar gaban Bagobiri ba tare da ya ce komai ba, sannan ya raɗa masa cewa daga yau a riƙa gaishe shi da safe. Nawa ya zo daga baya, ina tsakiyar lacca. Na san ƙarar saƙon banki, na kuma san ƙarar saƙon kamfanin waya mai tallan waƙa, amma ranar sai da na duba sau da yawa, na ƙirga sifilin da yatsa. Abin da malamin ya faɗa daga nan har ƙarshen darasi, sai dai in tambayi wasu.

Kuɗin makaranta ban gan su da idona ba, daga asusu zuwa asusu suka wuce. Akuyar Inna ce ta ga amfaninsu, don da ita aka yi niyyar kaiwa kasuwa.

Dubu ashirin ɗin kuwa na gan su, na ɗan lokaci. Mai POS ya fara cire nasa. Na wuce wurin Alhaji mai shago tun kafin in shiga ɗaki, don na san labari zai riga ni isa. Ya buɗe littafi, ya ja layi a kan rancen kotu da na hoto da rabin na taliya, ya ce, "Ashe gwamnati na biya." Baitulmali ya karɓi kasona da bashin katin nan na ɗari huɗu, wanda na zaci an manta. Ƙanwata ta turo saƙo tana gaishe ni da jiki, alhali lafiyata ƙalau, a ƙarshe ta ce datarta ta ƙare. Ƙanin Baba ya kira ya ce ba wani abu ba ne, taki ne dai ya yi tsada bana. Na tura wa Inna kaɗan ta sayi goro, ta kira tana faɗa wai kuɗin karatu ne ba nata ba, sannan ta sa mini albarka har katina ya ƙare.

Abu ɗaya na yi wa kaina. Na hau mota, da muka iso Kwalkwalawa na ce, "Direba, akwai sauka." Duk motar ta juyo tana kallona. Na sauka, na taya kifi ba tare da na fara tambayar na nawa ne ƙarami ba, aka naɗe mini a takarda da yaji da, ba sai na faɗa ba, albasa. Na kai ɗaki muka ci mu huɗu, Liman ya yi doguwar addu'ar da sai da Bayarabe ya ce a taƙaita kifi na hucewa.

A daren Ministan Kuɗi ya ɓata mana lissafi da lissafi. Ya ce naira 20,000 in an raba ta kwana talatin, 666 ce a rana, da 'yan kwabbai. Ya ce a shekara 240,000 ke nan, ban da kuɗin makaranta. Ya ce mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kashi goma nasa 7,000, wato wanda ya samu aiki a kan wannan albashi zai yi wata 34 da ɗoriya, kusan shekara uku, yana biyan kuɗin ɗawainiyar shekara ɗaya tak. Ya ce don haka kifin da muka ci yanzu, 'ya'yanmu za su ji labarinsa. Ya faɗi gaskiya, kuma ina ganin duk mai shirin cikewa ya kamata wani ya zaunar da shi ya yi masa wannan lissafin, don da yawanmu har yau kallon kyauta muke yi wa kuɗin. Rance ne, sunanka da NIN ɗinka da BVN ɗinka suna jikinsa. Na rubuta nawa a takarda kamar yadda Baba ya ce, na sa cikin jakar takardun makaranta. Duk da haka, da za a mai da ni baya zan sake cikewa, don tsakanin bashin da ba ruwa da barin karatu ba wani dogon tunani.

Da sabon zango ya zo aka sake buɗe shafin, na wayi gari ni ne gwani a unguwa. 'Yan aji ɗaya suka riƙa sallama a ƙofarmu, a ce ana neman mai cike fom. Tambayata ta farko ga kowa ita ce yadda ake rubuta sunansa a banki. Ba na karɓar kuɗi, na san daga inda suka fito. Amma wanda ya ga dama ya zo da taliya ɗaya ko ƙwai biyu, ba na mai da hannun kyauta baya.

Wani yaro daga Illela ya zo da tiya guda ta wake, babansa manomi ne. Ina cikin godiya sai na ji an dafa kafaɗata. Ministan Kuɗi ne, da littafi a hannu da gwangwanin awo.

"Kashi goma cikin ɗari," in ji shi. "Daga tushe aka cirewa."

Na ce ai doka ta ce sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa.

Ya ce waccan gwamnatin Abuja ce, tana da haƙuri. Ya tsoma gwangwani.